Ta dantse, ta wuyan hannu ko agogo: wace na'urar awon hawan jini za a saya a ajiye a gida?

Mutum ya yi sammako ya kama layin kati, ya shafe awa biyu ko uku a kan benci cikin zafi, ga fargabar abin da likita zai faɗa, sai a kira sunansa a ɗaura masa abin awo tun bai gama daidaita zama ba. Lambar da za ta fito a wannan hali ba lallai ba ne ta zama lambar jininsa ta yau da kullum. Akwai waɗanda ganin likita kawai ke sa jininsu ya hau, da sun koma gida ya sauka. Akwai kuma waɗanda suka fi su shiga haɗari: a asibiti lambarsu lafiya ƙalau, amma a gida da wurin aiki jinin a sama yake wuni, yana cin ƙoda da zuciya ba wanda ya sani. Shi ya sa ƙa'idojin likitocin Ingila da na sauran Turai da na Amurka suka haɗu a kan magana ɗaya, cewa idan awon asibiti ya nuna jini ya hau, kuma ba lamarin gaggawa ba ne, a tabbatar da shi a wajen asibiti kafin a ɗora mutum kan maganin da mai yiwuwa zai yi ta sha har ƙarshen rayuwarsa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kimanin biliyan 1.3 ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijeriya binciken da aka yi ta yi na nuna wajen mutum ɗaya cikin kowane uku na manya. Saboda haka na'urar awo a gida ta zama kayan amfani. Sai dai kasuwar ta cika da iri-iri, daga mai tsadar da ke magana da wayar hannu zuwa wadda ake tallatawa a bakin titi, kuma dukkansu lamba za su nuna maka idan ka danna. Wadda lambarta za ta isa likita ya yanke hukunci a kai ita ce abin nema.

Zan faɗi matsayata tun yanzu don mai gaggawa: na'urar dantse mai aiki da kanta, wadda sunanta ke cikin jerin waɗanda aka gwada a kan mutane, da maɗaurin da ya dace da kaurin hannunka. Sauran bayanin dalilai ne, da kuma mutanen da wannan hukunci bai hau kansu kai tsaye ba.

Wadda ba a saya

A fara cire na'urar awa 24 daga lissafi, ko da yake ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Likita ne ke ɗaura wa mutum ita, maɗauri a dantse, ƙaramin akwati a ƙugu, ya tafi harkokinsa tana auna shi duk bayan minti 15 zuwa 30 da rana, ta ɗan sassauta da dare. Fifikonta shi ne tana ganin jinin mutum yana barci, abin da awon gida na yau da kullum ba ya gani, kuma jinin da ya ƙi sauka da dare alama ce mai nauyi a wurin likitocin zuciya. A Ingila ita ake fara nema, awon gida ya biyo baya ga wanda ba zai iya jure ta ba. A wajenmu sai manyan asibitoci da wasu asibitocin kuɗi na masu ciwon zuciya, kuma tana hana wasu barci. Idan likitanka ya ce a yi, kuma da hali, a yi. Amma ba kayan ajiyewa a gida ba ce.

Mai kunne da mai lissafi

Na'urorin da suka rage sun kasu gida biyu ta fuskar yadda suke samo lamba, kuma fahimtar wannan ita ke warware rabin ruɗanin kasuwa.

Tsohuwar hanya ta kunne ce. A hura maɗauri har ya toshe jijiyar jini, a riƙa sakin iska a hankali ana saurare da abin jin bugun zuciya. Inda aka fara jin sauti shi ne lambar sama, inda ya ɗauke shi ne lambar ƙasa. Wani likitan sojan Rasha, Nikolai Korotkoff, ya bayyana wannan hanya a 1905, kuma har yau ba ta mutu ba. Na'urar zaiba, mai dogon gilashin nan da ake gani a teburin tsofaffin likitoci, da ita ake wannan aiki, amma zaiba guba ce, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa aka kama hanyar daina ƙera irinta. Ko an ba ka kyauta kada ka kai gidan da yara ke wasa.

'Yar'uwarta mai allura kamar fuskar agogo, wadda ake matsa roba da hannu, ita ce ke cika kantunan kayan asibiti, kuma arahar ta kan ja hankali: ba batir, ba caji. A hannun ƙwararren ma'aikacin jinya tana aiki. A gida kuwa matsalolinta uku ne a jere. Allurar na kaucewa idan na'urar ta faɗi ko ta sha jijjiga a jaka, don haka ana so a riƙa duba daidaitonta kamar duk wata shida, abin da kusan ba mai yi. Sannan mai auna kansa sai ya matsa robar da hannunsa, wannan motsin kuwa na taɓa lambar. Na uku, kunne da ido na da son rai: mutane kan zagaye lamba zuwa 130 ko 140, wanda ke tsoron magani kuma ya ji sautin inda ya fi masa daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta karkata ga na'urori masu aiki da kansu har a asibitoci. Idan babu ma'aikacin lafiya a gidan, a bar mai allura a kanti.

Masu aiki da kansu ba sa sauraron komai. Suna jin girgizar da bugun jini ke yi a cikin iskar maɗauri, sai wani lissafi da ke cikin na'urar ya juya girgizar zuwa lambobi biyu. Kowane kamfani da nasa lissafin, kuma sirrinsa ne. Ma'ana, lambar da ke kan allo ƙiyasi ce. Na'urori biyu na iya yin kama a ido, kwali iri ɗaya, allo iri ɗaya, ɗaya tana faɗin gaskiya ɗaya tana ƙarin maki goma. Ba yadda za a yi ka gane da kallo ko da taɓawa.

Gwaji a kan mutane 85

A nan gizo ke saƙa. Akwai ma'auni na duniya, ISO 81060-2 na 2018, wanda ƙungiyoyin Amurka da Turai suka amince da shi tare. Ana ɗaukar mutum aƙalla 85, maza da mata, masu siraran hannu da masu kauri, masu jini a sama da masu jini a ƙasa, a auna kowanne da na'urar da ake gwadawa a kuma auna shi da kunnuwan ƙwararru biyu. Matsakaicin bambancin bai kamata ya wuce maki 5 ba, kuma warwatsuwar sakamakon na da iyakarta. Na'urar da ta haye wannan, aka buga sakamakon inda wasu masana za su iya dubawa, ita ake kira tabbatacciya.

Nawa ne suka haye? Wasu masu bincike a Ostireliya sun tattara na'urori 972 da ake sayarwa ta intanet a ƙasarsu, suka buga sakamako a 2020. Cikin na dantse, kashi 18 cikin ɗari ne kawai aka tabbatar. Na wuyan hannu kashi 8. Masu siffar agogo, waɗanda sun haura 500, ko ɗaya babu. Wannan fa ƙasa ce mai tsaurin doka a kan kayan lafiya. Kowa ya ƙiyasta wa kansa yadda lamarin zai kasance a kasuwar da kwantena ke sauke komai.

Tambarin CE na Turai a jikin kwali, ko rubutun cewa hukumar Amurka ta amince, ko lambar rajistar NAFDAC, duk suna da amfaninsu: suna nuna kayan ya bi ta wata hanyar hukuma. Amma ba su ne wancan gwaji ba. Shi kuma rubutun "an gwada a asibiti" kowa na iya bugawa a kwalinsa. Abin yi shi ne a duba jerin da ba na 'yan kasuwa ba. STRIDE BP shi ne mafi faɗi, ƙungiyoyin masana hawan jini na Turai da na duniya ne ke bayansa, kuma ya ware na gida, na asibiti, na masu juna biyu da na yara. Ƙungiyar masana hawan jini ta Birtaniya da Ailan na da nata jerin, Amurka ma na da nata mai suna Validate BP. Duk kyauta ne, ana buɗe su a waya a tsaye a gaban mai kanti.

Sunan kamfani kaɗai bai wadatar ba. Omron da A&D na Jafan, Microlife, Beurer na Jamus da Withings na Faransa duk suna da na'urori a waɗannan jerin, amma lambar samfuri ake dubawa. Omron M3, alal misali, ta fito sau da dama, kowace da lambarta a ƙasan na'urar: akwai HEM-7131-E, akwai HEM-7154-E. Ka juya na'urar, ka karanta lambar, ka neme ta a jeri. Kuma da yake sunan da ya shahara shi ake yi wa jabu, gara a saya a kantin magani mai rajista da zai ba da rasit da garanti, ko da ya ɗan ɗara farashin titi. Na'urar da ba a tabbatar ba kamar mudun da aka bubbuga wa gindi ce: kullum zai ba ka awo iri ɗaya, kullum kuma da ragi.

Dantse ko wuyan hannu

Ta wuyan hannu na da farin jini, kuma dalilin a fili yake. Ƙarama ce, tana shiga aljihu, ba sai an cire babbar riga ko an yi fama da hannun doguwar riga a ƙarƙashin hijabi ba, kuma ba ta matsa da zafi kamar ta dantse. Wasu daga cikinsu ma sun haye gwaji. Matsalar tana wurin mai amfani. Dole wurin da ake aunawa ya kasance daidai da tsayin zuciya. Dantse da ma a gefen zuciya yake, da an ɗora hannu a tebur magana ta ƙare. Wuyan hannu kuwa yawo yake yi. Idan ya sauka ƙasa da zuciya da santimita 10, nauyin jinin da ke cikin jijiya kaɗai zai ƙara maki 7 zuwa 8. Idan ya haura, lambar ta ragu da kwatankwacin haka. Lanƙwasa hannu ko dunƙule yatsu ma na canja ta. Ga wanda ke son sanin ko matsakaicinsa 132 ne ko 138, wato ko ya tsallake iyakar awon gida ta 135 ko bai tsallake ba, kuskuren maki 8 ya rushe aikin gaba ɗaya.

Saboda haka ƙungiyoyin likitocin zuciya ba sa ba da shawarar ta wuyan hannu a matsayin zaɓin farko. Inda take da gurbi shi ne mutumin da dantsensa ya fi ƙarfin kowane maɗauri da ake samu, ko wanda matsar dantse ke yi masa ciwo mai tsanani, ko wadda aka yi wa aikin nono aka cire ƙulluwan hammata har likita ya hana matsa hannun. Irin waɗannan su nemi tabbatacciya, in da hali mai alamar da ke nuna hannu ya kai saitin zuciya, su dafa gwiwar hannu a tebur su ɗora tafin a kan ƙirji, su yi shiru.

Ta yatsa ba ta cancanci dogon bayani ba. Ba a yarda da ita ba, a bar ta.

Agogo da manhajar waya

Matasa su suka fi tambayar wannan, kuma su ke saya wa iyaye tsaraba. Agogunan nan masu araha da ke nuna bugun zuciya da iskar jini da hawan jini duk a allo ɗaya, hasken kore suke haskawa a fata su ƙiyasta. Ba sa matsa jijiya, ba su da hanyar sanin ainihin ƙarfin jinin. Ko agogon Samsung, wanda kamfaninsa ya yi aiki sosai a kai, sai an saita shi da na'urar dantse duk bayan mako huɗu, wato dai sai kana da ta dantsen. Apple ya fito da nasa tsarin a 2025, kuma bai ba da lamba ba sam: yana lura da mutum na tsawon kwana 30, idan ya ga alama ya ce je ka auna da maɗauri na kwana bakwai ka kai wa likita. Wannan gaskiya ce da ta dace a yaba, kuma ta nuna iyakar fasahar a yanzu. Akwai 'yan agoguna, irin Huawei Watch D da Omron HeartGuide, da ke da ƙaramin maɗauri mai hura iska a cikin madaurin agogon. Waɗannan awo suke yi na gaske, amma na wuyan hannu ne, da duk sharuɗɗan da aka ambata, ga tsada.

Manhajar da ke cewa ɗora yatsa a kyamara kuwa haɗari ce. A wani binciken da aka buga a 2016, an gwada wata irinta a Amurka bayan an riga an sayar da ita ga mutane fiye da 100,000, aka tarar kusan huɗu cikin biyar na masu jini a sama ta ce musu lafiyarsu ƙalau. Ƙungiyar masana hawan jini ta Turai ta ce kada a yi amfani da na'urori marasa maɗauri wajen gano cutar ko daidaita magani.

Maɗauri: inda aka fi yin asara

Mutum zai yi ta ciniki a kan na'ura, ya duba allo, ya duba madannai, bai ko warware maɗaurin ba. Alhali tabbatacciyar na'ura da maɗaurin da bai dace ba ta koma maƙaryaciya. Wani gwaji da masu bincike na jami'ar Johns Hopkins suka buga a 2023 ya auna girman ɓarnar. Mutanen da hannunsu ke buƙatar maɗauri mafi girma, da aka ɗaura musu matsakaicin da ke zuwa a kwali, lambar samansu ta ƙaru da kusan maki 20. Masu buƙatar babba ta ƙaru da kusan 5. Masu siririn hannu kuma ta ragu da kusan 4. Maki 20 na nufin mai 125 ya koma 145: lafiyayye ya zama majinyaci a takarda, a ɗora shi kan magani, ya riƙa jin jiri yana zargin maganin. Abin ya fi shafar iyaye mata masu jiki da maza masu kaurin dantse. Ita kuwa tsohuwar da ta rame, nata kuskuren ta ɗaya ɓangaren yake: jininta ya hau, na'ura na cewa ba komai.

Maganin abin bai fi tef ɗin tela ba. A saki hannu, a nemi tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zagaya tef ɗin ba tare da matsawa ba, a rubuta santimita nawa. Kowane maɗauri na gaskiya an buga iyakarsa a jikinsa. Wanda ya fi zuwa da na'urori masu sauƙin kuɗi shi ne 22 zuwa 32. Akwai mai faɗin zango, 22 zuwa 42, wanda ya fi dacewa da gidan da mutane da yawa za su yi amfani da na'ura ɗaya. Akwai ƙarami, 17 zuwa 22, akwai kuma na ƙato da ke haura 42, sai dai samunsa sai an sa a kawo. Idan awonka 34 ne, mai 22 zuwa 32 ba naka ba ne ko da ya zagaye hannun ya manne.

Kuma ba a haɗa maɗaurin wani kamfani da na'urar wani, ko da bakin tiyon ya shiga. An yi gwajin ne da na'urar da maɗaurinta tare. Don haka kafin a biya kuɗi a tambayi mai kanti ko ana samun maɗaurin wannan samfuri daban, domin shi ke fara mutuwa: manne ya saki, tiyo ya tsage da zafi da ƙurar hunturu, iska ta riƙa zurarewa.

Akwai kuma bambanci tsakanin maɗauri mai laushi da ake zarewa ta cikin ƙarfe da mai tauri da aka riga aka lanƙwasa. Mai taurin ya fi sauƙin sawa da hannu ɗaya, abin da ke da muhimmanci ga dattijon da zai auna kansa ba mai taya shi. Mai laushin ya fi araha, ya fi sauƙin naɗewa a jaka.

Ƙarin da ya cancanci kuɗi da wanda bai cancanta ba

Tsakanin tabbatattun na'urorin dantse, mai tsada ba ta fi mai araha daidaito ba. Kuɗin ƙarin na kayan jin daɗi ne. Wanda na ga ya cancanta shi ne ma'ajiya mai kwanan wata da lokaci, saboda mutane na mantuwa, wasu kuma kan rubuta lambar da ta yi musu daɗi su bar sauran. Omron M3 na ajiye awo 60 ga kowane ɗaya cikin mutum biyu, don kada na maigida ya cakuɗe da na uwargida. Wasu samfuran Microlife na auna sau uku a jere su ba da matsakaici, samfurinsu WatchBP Home ma na da tsarin awon kwana bakwai a cikinta. Alamar bugun zuciya marar tsari ita ma ta cancanta, musamman ga wanda ya haura sittin. Babban allo mai manyan lambobi na da amfani ga mai raunin gani.

Haɗi da waya ta Bluetooth kuwa, littafin 'yan makaranta da biro na yin aikinsa. Mai magana da murya sai ga wanda ba ya gani, in ba haka ba tana shelanta sirrinka ga duk wanda ke ɗakin.

Wuta abin dubawa ce a wajenmu. Yawancin na dantse batir huɗu suke ci, wasu na da ramin caja. Mai batir ta fi dacewa da inda wuta ba ta da tabbas, amma a sa batir mai kyau, a kuma cire shi idan za a daɗe ba a yi amfani ba, don mai araha kan yi ruwa ya cinye ƙarafan ciki. Zafi ma haka: akasarin takardun waɗannan na'urori na cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 10 zuwa 40, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu, rana kan wuce haka. Kada a bar ta a mota ko kusa da taga. Sa'a ɗaya ita ce safe da dare ake awon, lokacin da gari ya yi sauƙi.

Masu buƙata ta musamman

Mai juna biyu ba kowace tabbatacciyar na'ura ce ta dace da ita ba. Ciki na canja jijiyoyi, kuma a ciwon nan da ke kai ga jijjiga, na'urori da yawa kan nuna ƙasa da gaskiya, wanda shi ne mafi munin kuskure. A duba sashen masu juna biyu a jerin STRIDE BP. Akwai Microlife CRADLE VSA, wadda aka ƙera tare da masu bincike na King's College da ke Landan musamman don wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci, mai fitila kore da rawaya da ja. Ga mai juna biyu, 140/90 ya isa a nemi asibiti a ranar, 160/110 ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi kuwa ba a jira gari ya waye.

Wanda zuciyarsa ke bugawa ba bisa tsari ba, lissafin na'ura na iya ruɗewa, don bugu ɗaya ba ya kama da na bayansa. Idan alamar ta yi ta fitowa, a kai wa likita ya duba, ya kuma auna da kunne. Yara nasu maɗaurin da nasu ma'aunin daban ne, ba aikin gida ba ne sai da umarnin likita.

Kwana bakwai

Na'ura ta samu, saura aikin da aka saye ta dominsa. Gano hawan jini ba da awo ɗaya ake yi ba, kuma ba a lokacin da kai ke ciwo ko rai ya ɓaci ba. Kwana bakwai a jere ake so, huɗu ne mafi ƙaranci a ƙa'idar Ingila. Safe da yamma, kowane zama awo biyu, tsakaninsu minti ɗaya. Na safe kafin karin kumallo da kafin shan kowane magani, don haka bayan an dawo daga sallar asuba an huta lokaci ne mai kyau. Na dare kafin a kwanta. Minti 30 kafin awo ba shayi, ba kofi, ba taba, ba goro, domin goro ma na da sinadarin da ke cikin kofi. A yi fitsari tukuna. A zauna minti biyar shiru.

Zaman da kansa sai an kula, musamman a gidan da aka saba zama a tabarma ko darduma. Kujera mai jingina ake so, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur, maɗauri a kan fata, yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Masu binciken Johns Hopkins ɗin nan sun gwada wannan ma, suka buga sakamako a 2024: ɗora hannu a cinya ya ƙara kusan maki 4 a lambar sama, sakin shi a gefe ya ƙara fiye da 6. Naɗe hannun riga har ya shaƙe dantse ma kuskure ne, gara a zare hannun gaba ɗaya. Ba magana, ba waya. A ranar farko a auna hannu biyun, wanda ya fi nuna lamba mai yawa shi za a ci gaba da shi.

Za a samu awo 28. A zubar da huɗun ranar farko, don ranar mutum na ɗoki ko tsoro. A tara lambobin sama 24 da suka rage a raba da 24, a yi wa na ƙasa haka. Iyakar gida ta fi ta asibiti ƙasa: matsakaicin 135/85 ko sama, ko da ɗaya ce daga cikin lambobin biyu ta kai, shi ke daidai da 140/90 na asibiti. A ƙa'idar Ingila, 150/95 a gida mataki na biyu ne. Amurkawa tun 2017 sun sauko da iyakarsu zuwa 130/80, shi ya sa wasu na'urori ke kunna jan launi a lambar da likitanka zai ce a dai kula da gishiri da nauyi. Likita za a kai wa takardar awon, shi zai haɗa ta da shekaru da ciwon suga da lafiyar ƙoda ya yanke. Ba a fara magani ko a daina shi saboda abin da allo ya nuna, ba a kuma ari na maƙwabci.

Abu ɗaya ne ba ya jiran kwana bakwai. Idan aka ga 180/120 ko sama, a huta minti biyar a sake. Idan tana nan, a nemi likita a ranar. Idan kuma akwai ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, ko magana ta harɗe, asibiti za a nufa nan take.

Ranar da za a kai takardar a tafi da na'urar. A roƙi ma'aikacin jinya ya auna hannu ɗaya da tasu da taka, bi da bi, minti ɗaya tsakani, sau biyu ko uku. Bambancin maki 5 ko ƙasa ba komai. Idan ya yi ta haura 10, na'urar ko maɗaurin na da matsala. A maimaita wannan duk shekara. Wani bincike da aka yi a Ingila a kan na'urorin da marasa lafiya ke amfani da su a gidajensu ya nuna waɗanda suka haura shekara huɗu sun fi faɗuwa a gwaji, don haka wadda ta kai wannan shekaru, ko ta taɓa faɗuwa ƙasa da ƙarfi, a duba ta kafin a sake dogara da lambarta.